Malamina Ya Ce Aikina Talla Ce: In Ajiye Digirin In Koma Fim?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun digiri na biyu a fannin sadarwa da aikin jarida a wata jami'a a nan Arewa. Na gama ɗaukar darasi, kundi kawai ya rage. Tun ina digirin farko nake rubuta fim, yanzu haka ina cikin marubutan wani shiri mai dogon zango da ake sakawa a YouTube, kuma da shi nake rufa wa kaina asiri. Na kai wa malamin da ke duba aikina take a kan yadda shirinmu ke gyara tarbiyyar matasa, ya dawo min da shi duk jan biro, ya ce wannan talla ce ba bincike ba. Na roƙe shi ya bar ni in yi gajeren fim a madadin kundi, ya ce in nemi wata makarantar. Abokaina sun ce in ɗauki take irin na kowa in raba takardun tambayoyi, ko in ba masu haɗawa a bakin makaranta su haɗa min. Mahaifina, wanda shi ya biya kuɗin rajista, ya ce taura biyu ba ta taunuwa, in bar fim sai na gama. Furodusa kuma yana jirana, za a fita lokeshan bayan Sallah. Gaskiya zuciyata ta fi karkata ga ajiye karatun. Mece ce shawararka?

Wani ɗalibi, daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ajiye karatun nan. Amma bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: a kan maganar take, malaminka ya fi ka gaskiya.

Sake karanta abin da ka kai masa. "Yadda shirinmu ke gyara tarbiyyar matasa." Ka riga ka yanke cewa yana gyarawa, abin da ya rage kawai ka nemo waɗanda za su ce haka ne, kamar alƙalin da ya rubuta hukunci tun kafin a kira shaidu. To idan ka fita ka tarar samarin unguwa mugun cikin shirin suka fi so, har suna kwaikwayon tafiyarsa da salon maganarsa, a wane babi za ka sa wannan? Kai ka fi ni sanin cewa YouTube na nuna wa mai tasha wani layi da ke bayyana inda masu kallo suka tsaya da inda suka tsallake. Ka roƙi mai kula da tasharku ya buɗe maka shi a kan kashin da kuka fi zuba nasiha, wurin nan da uba ya zaunar da ɗansa a falo yana ta yi masa faɗa. Duba ka ga ko layin ya tsaya ko ya gangara. In ya gangara, to ga tambaya ta gaske ka samu, wadda kai kanka ba ka san amsarta ba, kuma dole ka rubuta amsar ko da ta ɓata maka rai. Irin wannan malaminka yake nema, ko da bai tsaya ya yi maka bayani ba.

Maganar yin fim a madadin kundi kuwa, ba shirme ka kawo ba. A jami'o'i da dama na Ingila da Ostireliya ana karɓar fim ko shirin rediyo a matsayin ginshiƙin digiri, har na uku. Sai dai ko a can ba a miƙa fim zalla a kama gaba. Ana haɗa shi da dogon rubutu da ke bayyana tambayar da fim ɗin ya tashi amsawa, da abin da magabata suka yi, da dalilin kowane zaɓi da mai aikin ya yi, sannan a zauna gaban masu jarrabawa a kare duka biyun. Wanda ya bi ta nan aiki biyu ya ɗaukar wa kansa. Kuma wannan ba a hannun malaminka yake ba. Makarantar manyan digirori ta jami'arku tana da rubutacciyar ƙa'ida a kan abin da ake kira kundi, da ita malamin da za a gayyato daga wata jami'a zai auna ka. Da malaminka ya ce maka to don ya faranta maka, ranar kare kundi za ka gane bai taimake ka ba. Nemi littafin ƙa'idar ka karanta da idonka. In akwai ƙofar haɗa aikin fasaha da rubutu, ka nuna masa shafin cikin ladabi. In babu, a bar maganar.

Abubuwa na canzawa, ba na musu. A shekarar 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta rarraba fannin naku gida-gida: aikin jarida daban, watsa shirye-shirye daban, hulɗa da jama'a, talla, fim, sadarwar raya al'umma. Amma sauyin daga digirin farko ya faro, kai kuma kana da wa'adin rajista da ba zai jira ka ba.

Inda ba zan bi malaminka ba shi ne in har yana ganin mai rubuta fim ba shi da abin da zai kawo wa bincike. Tarihin fannin ma bai goyi bayan haka ba. A 1993 gidan rediyon Tanzaniya ya fara watsa wani wasan kwaikwayo da harshen Suwahili mai suna Twende na Wakati, a kan tazarar haihuwa da cutar ƙanjamau. Kafin marubuta su ɗora alƙalami sai da masu bincike suka shiga ƙauyuka da garuruwa suka ji yadda mutane ke magana a kan waɗannan al'amura, daga nan aka gina taurarin, har da wani direban babbar mota mashayi mai neman mata. Abin da ya sa ake koyar da labarin shirin nan har yau shi ne dabarar da aka yi: shekara biyu na farko ba a watsa shi a yankin Dodoma ba, da gangan, don a samu wurin da za a kwatanta da inda ake saurare. Masanin sadarwa Everett Rogers da abokan aikinsa suka bi diddigi, suka samu bambanci a zuwa asibiti don tazarar haihuwa da kuma matakan kare kai tsakanin inda aka ji shirin da inda ba a ji ba. Ka lura da irin wahalar da aka sha kafin a iya cewa wasan kwaikwayo ya canza halin mutane. Ita ce maganar da kake son ka yi a kan shirinku, kai kaɗai, da kuɗin aljihunka.

Ko nan maƙwabta, Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a matsayin injiniya ya koma nazarin al'adu, yana binciken 'yan ci-ranin Nijar a Abijan ya haɗu da Umaru Ganda, tsohon soja mai aikin dako a tashar jiragen ruwa. Ya ɗauke shi ya taya shi tattara bayanai, daga baya ya sa shi a fim ɗinsa na 1958. Gandan nan shi ya zama darakta, fim ɗinsa ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1972, yau akwai cibiyar al'adu a Yamai da sunansa. A Zariya ma ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna shiga Samaru da ƙauyukan kewaye su zauna da mutane, su ji damuwarsu, su mayar da ita wasa a dandali. Ba yau aka fara haɗa bincike da wasan kwaikwayo ba.

Yanzu ga abin da nake so ka tsaya ka yi tunani a kai sosai. Kana da abin da yawancin 'yan ajinku ba su da shi, kai kuma kana kallonsa a matsayin cikas. Kai ɗan gida ne a masana'antar. Ka san yadda ake zama a ɗaki a tsara labari. Ka san ranar da furodusa ya kira ka da dare ya ce a kashe wance a kashi na gaba don jarumar ta ƙara kuɗi. Ka san fitowar da aka soke don ba a samu aron gidan da ya dace ba, da wadda kuka soke da kanku tun ba a kai wa Hukumar Tace Fina-finai ba, don kun san ba za ta wuce ba. Ka san yadda ake jan labari ya yi tsawo don tasha ta samu abin sakawa duk mako. Ɗalibin da zai zo daga waje da takardar gabatarwa daga sashe, sai ya yi wata da watanni yana sintiri a Zoo Road, matattarar 'yan fim a Kano, kafin wani ya ba shi minti goma, kuma abin da za a faɗa masa shi ne abin da ake faɗa wa 'yan jarida: muna faɗakarwa, muna ilimantarwa, muna nishaɗantarwa.

An yi rubutu a kan fim ɗin Hausa, ba kaɗan ba. Brian Larkin ya zauna a Kano ya yi nazarin majigi da gidajen silima da son da Hausawa ke yi wa fina-finan Indiya. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi shekaru yana bin masana'antar, yana cikin waɗanda suka shirya taron masana a kan fina-finan Hausa a Kano a 2003. Dole ka karanta su, da su za ka cika babin bitar ayyukan magabata. Amma masana'antar da aka fara da kaset a 1990, aka kafa mata hukumar tacewa a Kano a 2001, ta bi ta faifan CD da kasuwar Ƙofar Wambai, yau ta koma shiri mai dogon zango a talabijin da YouTube. Wanda ke biya ya canza, tsawon labari ya canza, hatta inda ake yanke kashi don a bar mai kallo a rataye ya canza. Kai a tsakiyar wannan sauyin kake zaune.

Don haka da ni ne kai, take na zai zama a kan abin da ke faruwa da rubutun fim tsakanin hannun marubuci da idon mai kallo: wa ke cirewa, wa ke ƙarawa, kuma saboda me. Ra'in da za ka ɗora aikin a kai ma kun yi shi a aji, wato ra'in mai tsaron ƙofa. Ka tuna yadda ya shigo fannin jarida. David Manning White ya roƙi editan wata jarida a Amurka, mutum ɗaya tak, ya riƙa ajiye duk labaran da ya ƙi bugawa na tsawon mako guda, ya rubuta dalilinsa a jikin kowanne. Wajen kashi tara cikin goma na abin da ya shigo masa bai buga ba, dalilan kuma wasu na rashin fili ne, wasu na ra'ayinsa ne kawai. Aka buga sakamakon a 1950, har gobe ana koyar da shi. Edita ɗaya, mako ɗaya. Kai kana da rubutun farko, da wanda aka gyara, da wanda aka ɗauka a lokeshan, da wanda edita ya fitar. Jera su ka ga abin da ya ɓace a hanya, sannan ka zauna da marubuta da daraktoci da furodusoshi da editoci ka tambaye su dalili. Malamin da ya ce aikinka talla ce zai yi wuya ya kira wannan talla.

Sai dai zama ɗan gida yana da nasa haɗarin, kuma mai jarrabawa nan zai fara taɓawa. Mutumin da ke biyan ka, za ka iya rubuta abin da ba zai ji daɗinsa ba? Shi ya sa nake ba ka shawarar kada shirinku ya zama shi kaɗai. Ɗauki biyu ko uku, naku ya zama ɗaya daga ciki, ko ma ka bar shi gaba ɗaya ka yi amfani da sanayya ka shiga na wasu. A babin hanyoyin bincike ka faɗa ƙarara cewa kai marubuci ne a masana'antar, ka bayyana matakin da ka ɗauka don kada son kai ya ja ka. Ɓoyewa ce ke kawo matsala. Kuma kada ka kuskura ka kunna rikoda a aljihu ana hira a ofis. Duk wanda za ka yi amfani da maganarsa ya sani, ya yarda, wanda ya ce a sakaya sunansa ka sakaya yadda ko 'yan masana'antar ba za su gane shi ba. Bayan digirin nan da mutanen nan za ka ci gaba da neman abinci, amanarsu ta fi maka kundin.

Shawarar abokanka ta raba takardun tambayoyi, ita kanta hanyar ba laifi gare ta in tambayar ta dace da ita. Abin da ya lalata ta shi ne yadda ake yi. Ka duba kundayen da ke jibge a ɗakin karatun sashenku, za ka ga kusan kowa mutum ɗari huɗu ya ce ya tambaya, ko wajen haka. Lissafin Taro Yamane, wanda ake fitar da yawan mutanen da za a tambaya da shi, shi ne ke ba da wannan adadi duk lokacin da yawan jama'a ya yi girma. Mu kuma mun san yadda wasu ɗari huɗun ke cika: a ƙarƙashin bishiya, mutum uku, biro kala-kala don kada rubutun ya yi kama. Ƙarshenta a fito da jadawali mai kyau a ce fina-finan Hausa na da tasiri a kan matasa, abin da ba wanda ya ƙaru da shi.

Ba wa wani ya haɗa maka kuwa, wannan ko kusa. Kai da kake jin zafi in an ɗauki labarinka ba a sa sunanka ba? Ban da haramcin abin, masu haɗawar nan tsohon kundi suke yankowa su canza sunan gari, yanzu kuma sun koma sa kwamfuta ta rubuta musu, ita kuwa tana iya ƙirƙiro sunan littafi da marubucin da babu su a duniya. Jami'o'i na sa manhajar gano satar fasaha irin su Turnitin, in ma ka tsallake ta, tambaya ɗaya daga mai jarrabawa a kan shafin da ba kai ka rubuta ba ta isa ta tona asiri a gaban jama'a.

Yadda za ka koma wurin malamin yana da muhimmanci. Kada ka je da maganar fim ko ƙorafin jan biro. Rubuta shafi biyu: tambayar, dalilin yin ta, waɗanda za ka yi hira da su, takardun da ke hannunka, da ayyukan magabata kamar biyar da ka karanta da gaske. Ka ce, "Malam, na yi tunani a kan gyaran da ka yi min, ga abin da na fito da shi, a duba min." Malaman nan ɗalibai sun yi musu yawa, ga koyarwa ga neman buga maƙala don ƙarin girma. Ɗalibin da ya zo da bayanan da ba kowa ke iya samu ba, abin so ne a wurinsu. Idan ka yi haka har yanzu ƙofa a rufe, sai ka samu malamin da ke kula da ɗaliban manyan digiri a sashen, ka nemi shawararsa baki da baki. Takardar koke ita ce ta ƙarshe, kuma ban so ka kai can.

Ba zan ruɗe ka ba, digiri na biyu ba zai sa furodusa ya ƙara maka ko sisi a kan kashi ba. Da a ce yanzu za ka fara, kuma rubutun fim kaɗai ne burinka, da sai in ce ka duba Jos, inda Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da Kwalejin Talabijin ta NTA suke. Amma kai ka riga ka ci rabin tafiya, an kashe kuɗi. Sababbin sassan fim da watsa shirye-shirye da ake buɗewa a jami'o'i za su buƙaci malaman da suka taɓa tsayawa a lokeshan, kuma da wannan takardar ake shiga. Ƙungiyoyi da gidajen rediyon da ke ba da kwangilar wasan faɗakarwa suna neman marubucin da zai iya karanta rahoton bincike ya fitar da labari daga ciki. Harkar fim kuma ka san ta, yau ana yi da kai, gobe an samu sabon hannu.

Baba kuwa, tsoronsa kada ka tashi babu ko ɗaya. Kada ka tsaya jayayya da shi a kan karin magana. Ka same shi bayan sallar isha'i ka yi masa bayanin sabon taken da harshen da zai gane, cewa aikin fim ɗin ne zai zama abin nazarin, kuma da kuɗinsa za ka riƙa biyan bugu da zirga-zirga ba sai ka dawo kansa ba. Ka faɗa masa watan da kake sa ran miƙa kowane babi, ka roƙe shi ya riƙa tambayar ka. Ranar da aka amince da taken, kai masa takardar ya gani da idonsa.

Lokeshan na bayan Sallah, ba lallai marubuci ya tare a can daga farko har ƙarshe ba. Ka gama rubutun ka miƙa, ka yi magana da furodusa a kan ranakun da za a fi buƙatar ka. Kada ka fara hirarrakin bincike kafin sashe ya amince da tsarin aikinka, don za a iya cewa ba a san da su ba. Abin da za ka iya farawa tun daren yau shi ne adana takardu. Rubuce-rubucen masana'antar nan a waya suke zaune, a WhatsApp, waya ta faɗi ko a sace ta shi ke nan. Kowane kwafin rubutu ka ajiye shi daban da kwanan watansa, kada ka yi gyara a kan tsohon, ka tura wa kanka ta imel. Ka nemi tsofaffin fitowar mujallar Fim, wadda ta fara tun 1999, akwai hirarrakin marubuta da daraktoci a ciki da za su nuna maka yadda ake yi a zamanin kaset.

Sannan ka nemi izinin furodusan naka kafin ka sa ko layi ɗaya na rubutun shirinsa a kundi, domin shi ya saya, hakkinsa ne. In ya yarda, ya rubuta maka a takarda ya sa hannu. In ya ce bai yarda ba, kada ka ja da shi, ka ci gaba da yi masa aikinsa, ka nemi wasu biyu daga cikin waɗanda kuka saba. Allah Ya ba da sa'a, ka gaishe da Baba.